Malamar da Kunkurunta Ya Ƙi Hawa Gada

Kafin mai gadi ya gama zare sarƙar ƙofar makaranta Malama ta iso. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka take. Jaka a kafaɗa, laima a hammata ko da rani ne, takalmi mai faɗi saboda ciwon gwiwa. Ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, ta wuce aji huɗu. Ba ta jiran yara su share mata. Da kanta take tura bencina jikin bango, ta share tsakar ɗakin, ta shimfiɗa tsohon buhu ta durƙusa a kai da alli a hannu, tana maido da layukan da ƙafafun jiya suka goge.

Abin da take zanawa a simintin nan unguwarmu ce, titi da lungu. Da takun yara ta auna ta, ba da nata ba. Gwangwanin madara shi ne tankin ruwa. Kwalin magani shi ne asibiti. Murfin kwalba injin niƙa. Akwai wani dogon tsumma shuɗi, shi ne kwazazzabon da ya raba unguwar biyu. Rula ta katako da aka gitta a kansa ita ce gada. In ta gama jera su sai ta dafa tebur ta miƙe, ta buɗe kabad, ta ɗauko Kunkuru.

Ban saba yabon mutum yana raye ba. A wurina wanda ya yi aikinsa, aikinsa ya yi, ba sai an yi masa kiɗa ba. Amma matar nan ta ajiye alli a ƙarshen zangon da ya wuce, kuma akwai maganar da in ba a faɗe ta ba an ci amana.

Kunkuru na'ura ce, irin wadda ake kira mutum-mutumi, ko da yake ba ta yi kama da mutum ko kaɗan ba. Yara ne suka raɗa mata sunan. Girmanta kamar kwano a kife. Taya biyu a ƙasa, maɓallai a gadon baya: gaba, baya, dama, hagu, da wani kore na tashi. Abin da ka danna shi Kunkuru zai bi, ba ya ƙari, ba ya ragi. Wata ƙungiya ce ta raba wa makarantu shekara uku da suka wuce. An ce a wasu wuraren har yau yana cikin kwalinsa don kada yara su lalata. Ita kuwa, tana da shekara hamsin da bakwai, ta je ta zauna kwana uku cikin malamai sa'o'in 'ya'yanta tana koyon dannawa. Suka yi ta ce mata, "Mama, kawo mu danna miki."

Ta ce, "Za ku biyo ni ajina kullum ku danna mini?"

Suka ƙyale ta.

Tsarinta ba wuya. Yaro zai tura Kunkuru wani wuri a kan taswirar. In ya ɓata hanya, ba zagi, ba duka, kalma biyu ce: "Sake ƙirgawa." Shi ya sa a bayan idonta suke ce mata Malama Sake-Ƙirga, kuma ta sani. In Kunkuru ya isa, yaron zai faɗi wanda ke aiki a wurin, sannan ya amsa tambayar da ba ta canzawa: "In bai fito gobe ba, wa zai fara jin jiki?"

Ba ta tsaya a kwali da gwangwani ba. Masu wuraren take gayyatowa. Tela ya zo ya ga shagonsa kwalin ashana ne, ya riƙe baki ya ce, "Malama, duk ɗinkin da nake yi miki, ko kwalin sabulu ban samu ba?" Washegari ya zama kwalin sabulu. Mai kwasar shara ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga saboda kayan jikinsa. Ta ɗauko kujerarta ta ajiye masa a gaban allo. Da aka yi wa yara tambayar nan a kansa, suka haɗa baki suka ce, "Kowa." Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya faɗa mana daga baya cewa tun daga ranar yaran aji huɗu ba su sake toshe hanci in ya wuce ba.

Ba kowa wannan ya burge ba. Wanda ya fi kowa ƙi shi ne Magini.

Magini ya haura saba'in. Shi ya zuba gadarmu shekara talatin da huɗu kafin wannan lamari, lokacin da damina ke raba uwa da ɗanta kwana biyu. Mutanen unguwa suka ɗauko yashi, shi ya ɗaure rodi ya zuba kankare. Shatin tafin hannunsa na nan a bakin gadar inda ya dafa siminti yana ɗanye. Da ƙarfi ya ƙare sai ya ajiye benci a wurin. Nan yake wuni, yana amsa gaisuwa, yana korar duk yaron da ya leƙa kwazazzabo. Doka ce tsohuwa a unguwar: yaron da aka kama a ciki, bulala, ko ɗan wane ne. Wurin ƙazanta ne, ga kwalabe, ga macizai. Ba wanda ya taɓa cewa dokar ba daidai ba ce.

A taron iyaye Magini ya miƙe ya ce, "Mun turo su karatu, an tara su ana wasa da mota. Jikata ta dawo gida gwiwa duk alli. In unguwa ake so su sani, ga unguwar nan a waje, ba ta gudu ba."

Malama ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Can zan tura su."

Ta kuwa tura su. Ta ba su aikin gida: kowa ya ƙirga takunsa daga ƙofar gidansu zuwa ƙofar makaranta, ya rubuta inda ya juya dama da inda ya juya hagu. Taku goma, dannawa ɗaya. Ta ja musu kunne cewa hanyar da ƙafarsu ta bi take so, ba wadda suka gani a zane ba.

Ranar Litinin aka fara. Yaran wannan ɓangare suka tura Kunkuru, ya isa makaranta, wani da kyar, wani sai da aka sake ƙirgawa. Sai aka zo kan yaran ƙetaren kwazazzabo, su tara. Na farko ya danna. Kunkuru ya taho har bakin rula, ya tsaya, ya juya hagu, ya bi gefen tsumma sau shida, ya juya dama, ya tattake tsumman ya haye. Aji ya fashe da dariya.

"Kunkurunka ya iya iyo ne? Sake ƙirgawa."

Na biyu ya danna. Haka. Na uku, haka. Dariya ta ragu. Ran Malama ya fara ɓaci. Ta kira Tsigi, jikar Magini, 'yar ƙarama wadda ba a taɓa ce mata ta sake ƙirgawa ba. Kunkuru ya zo bakin rula, ya juya hagu.

Malama ta ce, "Har da ke? Wa ya yi, sauran suka kwafa?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Ta karɓi littattafan tara ta zabga musu sifiri da jan biro, ta hana su fita hutun tara. A nan ta yi kuskure, kuma ba zan ɓoye mata shi ba, don ita ma ba ta ɓoye ba.

Bayan an tashi ta zauna a gindin bishiyar tsakar makaranta tana duba sauran aiki. Littattafan tara suka ƙi barin ranta. Ta jera su a kan benci. Mai kwafa daga layin farko yake kwafa. Waɗannan kuwa kowa da mafarinsa: wani taku ɗari uku, wani ɗari da tamanin, wani ya juya sau biyu, wani sau huɗu. Ba su haɗu ba sai a bakin gada. Daga nan ne duk tara suka zama baki ɗaya: hagu, sittin, dama. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari mai gadi ya zare sarƙa bai gan ta ba, karo na farko tun da ya kama aiki. Tana ƙetare, a bayan rumfar mai gyaran keke, laima ta kare fuska. Ta ga yaran suna tahowa biyu-biyu, uku-uku. Suna isa kusa da gada sai su rage tafiya, su saci kallon Magini a kan bencinsa a bakinta. In hankalinsa ya tafi wurin gaisuwa sai su sulale hagu ta bayan katanga. Ta bi su daga nesa. Taku sittin. Can akwai wata 'yar gangara da ƙafa ta riga ta daddale. Suka gangara, manya na goye da ƙanana, suka taka duwatsun da aka jera cikin baƙin ruwa, suka haura ɗaya gefen suna kakkaɓe riga. Ba 'yan ajinta kaɗai ba. Ta ƙirga yara ashirin da shida.

A kan gada kuwa mata na wucewa da goyo, babura na wucewa, mai ruwa na tura kura cike da jarkoki.

Da ta shiga aji ba ta ɗauki alli ba. Ta ce yaran ƙetare su matso. Ta tambaye su me ya hana su bin gada. Shiru. Ta rantse musu ba za ta taɓa kowa ba. Shiru. Sai ta ajiye Kunkuru a bakin rula, ta kira Tsigi.

"Gaba sau biyu kawai. Haye da shi."

Yarinyar ta durƙusa. Ta kai yatsa kan maɓalli, ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa.

"Zai faɗa, Malama."

"Rula ce, Tsigi. Ina zai faɗa?"

"Ta gasken ba ta da ƙafa."

Daga nan bakin sauran ya buɗe, kowa na katse ɗan'uwansa. Ƙarshen daminar bara ƙwallonsu ta faɗa ƙarƙashin gada, suka saci jiki suka shiga nema. Bayan ƙaya da tarin shara suka ga ginshiƙin tsakiya, wanda ya ɗauki gadar duka, ba ya taɓa ƙasa. Ruwa ya kwashe abin da ke ƙarƙashinsa. Ɗaya daga cikinsu har ya rarrafa ta ƙasansa ya fita ta ɗaya gefen. In kura ta wuce a sama, yashi na zubowa.

Malama ta zauna a kan bencin yara.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai, ba wanda kuka faɗa wa?"

Wani ya ce, "In mun faɗa, za a ce me ya kai mu ciki."

Ta juya ga Tsigi. "Ke fa? Kakanki na zaune a wurin kullum."

"Shi ya gina, Malama." Sannan ta ce, "Umma na hawa sau biyu kullum, zuwa niƙa da dawowa, da ƙanena a baya. Na ce mata ta daina, ta ce in rufe mata baki da fatan tsiya. Taku ashirin da biyu ne. Ina tsayawa a bayan katanga ina ƙirga mata har ta sauka."

Yarinya 'yar shekara tara. Wata bakwai tana wannan ƙirga, tana dawowa gida tana cin abinci da mu manya muna ce mata ta cika shiru.

Malama ta ɗauko littattafan tara. A gaban aji duka ta soke sifirin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku ne kuka ƙirga daidai, ni ce na yi kuskure. Na ce kun kwafa, ba ku kwafa ba. Ku yafe mini." Na kai shekarun da na kai ban taɓa jin babba ya nemi gafarar yaro a bainar jama'a ba. Da aka ba ni labari ban yarda ba sai da na tambayi yara uku daban-daban.

Gani ya kori ji. Da aka fita tara ta ɗaure zani ta gangara da kanta, da gwiwar nan tata, tana dogara laima. Ta ture ƙaya, ta sunkuya. Ta ga hasken rana ta ƙarƙashin ginshiƙin. Ta miƙe ta dubi gabas. Kwana uku ke nan hadari na haɗuwa yana watsewa.

Ta je wurin hedimasta kafin ta wanke ƙafa. Mutumin kirki ne, ya firgita ƙwarai, amma ya ce, "Malama, gada ba ta cikin katangar makaranta. Mu rubuta wa hukuma."

"Mu rubuta, Yallaɓai. Takardar za ta riga ruwa isa?"

Suka rubuta, aka aika. Amma ta san unguwarta. Ba wanda zai daina hawa gadar nan don malamar firamare ta ce. Mutum ɗaya ne in ya ce a daina za a daina.

Ta sami Magini a kan benci da la'asar, mutane huɗu biyar a gefensa. Ina cikinsu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana da magana, amma sai ya yi mata alkawari ba yaron da za a daka a kanta.

Ya ce, "Ba na alkawari a kan abin da ban ji ba."

Ta ce, "To ni ma ba na faɗa, Baba. Sai dai in abin ya faru a ce ka ƙi ji."

Ya ce ya yi alkawari. Ta faɗa masa.

Fuskarsa ta haɗe. "Gadar da na zuba da hannuna? Rodi nawa ne a cikinta, kin sani? Motar yashi ta hau ta, ba ta yi tari ba. Yau abin wasa mai batir ne zai koya mini gini?"

"Ban zo koya maka gini ba. Ni alli na sani. Na ga abin da ban gane ba, na kawo wa mai shi."

"Mai shi ya ce lafiyarta lau. Sauka lafiya."

Muka yi dariya. Ni ma na yi.

Ba ta tashi ba. Ta buɗe jaka ta fito da alli. A nan kan simintin bakin gada, dab da shatin hannunsa, ta zana lungun gidansa, ta zana kwazazzabo, ta gitta rula. Ta fito da Kunkuru. Ta aika aka kira Tsigi.

Yarinyar ta zo tana ɓuya a bayan Malama. Magini, duk tsaurinsa, jikar nan ce lagonsa. Uwargida yake ce mata, ita kuma ta ce ta fi ƙarfin tsoho mara haƙori. Ranar ba ta tsokane shi ba.

Malama ta ce, "Nuna wa Kaka hanyar makarantarki. Wadda ƙafarki ke bi."

Tsigi ta danna. Muka zuba ido. Kunkuru ya fito daga ƙofar gidan Magini, ya miƙe lungu, ya zo bakin rula. Ya tsaya. Ya juya mata baya.

Ba wanda ya yi dariya.

Magini ya ce, a hankali, "Uwargida. Ke ma?"

"Wata bakwai ban taka ta ba, Kaka."

"Kina wuce ni a nan kullum."

"Ta bayan katanga."

Ya daɗe yana kallon abin nan mai taya biyu. Sannan ya ɗauki sandarsa. Muka ce mu riƙe shi, ya ture mu. Ya gangara, muka bi shi, Malama a baya. Ya sa ƙafa ya ture sharar. Ya durƙusa. Ya zura sanda ta ƙarƙashin ginshiƙin, sandar ta shige duka har hannunsa ya bi ta, ba ta taɓa komai ba. Daidai nan mai ruwa ya turo kurarsa a sama. Muka ji gadar ta yi wani nishi. Yashi ya zubo a kan hular Magini.

Na san mutumin nan shekara hamsin. Na ga ranar da ya binne ɗansa, bai sunkuyar da kai ba. Ranar nan ya sunkuyar. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Rodi kaɗai ke riƙe da ita." Can ya ce, "Ina zaune a kanta ina amsa gaisuwa."

Malama ta ce, "Aikinka bai ci amana ba, Baba. Ƙasa ce ta gudu ta bar shi."

Ya ce, "Ƙasa ta gudu. Ni kuma na daina dubawa. Na hana masu dubawa."

Ya hau da rarrafe. Ya ja bencinsa ya gitta a bakin gada, ya zauna a kai, sanda a cinya. Mace ta farko da ta zo wucewa surukarsa ce, uwar Tsigi, da ƙullin niƙa a ka da goyo a baya. Ya ce, "Koma."

"Baba, niƙa zan kai."

"Na ce koma. Ba mai sake taka ta."

Kafin rana ta faɗi an jera ganguna da ƙaya a baki biyu.

Kada a ɗauka an gode mata. Zagayawa ta babban titi tafiyar minti arba'in ce. Mai niƙa ya rasa rabin masu zuwa. Mai ruwa ya ce ƙafarsa ta kumbura. Hadarin ma ya watse, rana ta buɗe kamar da gayya. A bakin famfo mata na cewa Kunkurun Malama ya cinye gada. Wani ya tare ta a hanya ya ce, "Shekara talatin da huɗu tana tsaye, sai da kika zo da tsafinki." Wasu samari suka ture ganga da rana tsaka suka wuce da babur, Magini ya bi su da sanda. Ni kaina a kwana na shida na ce anya ba a yi gaggawa ba. Na faɗa, kuma a gabanta na faɗa. Ta ce, "Allah ya sa gaggawar ce, Baba."

Abin da ta yi shi ne wannan. Ta hana yara gangarar nan tasu, don in ruwa ya zo daga sama ba ya sallama. Kullum da sassafe ta zagaya ƙetare ta tattara su ashirin da shida, ta sa su a layi, ta bi da su ta babban titi, ita a gefen motoci da laima a buɗe don direbobi su gani. In an tashi ta maida su. Sau huɗu a rana take wannan tafiya, da gwiwar da likita ya ce ta riƙa hutar da ita.

Ranar ta tara, wajen ƙarfe biyu, aka yi ruwan farko. Bai kai awa ɗaya ba. Yara na cikin aji, ta hana kowa fita. Da ya tsagaita muka fito muka tsaya a bakin kwazazzabo muna kallon jan ruwa na tafe da itace da robobi. Gadar na nan. Wani ma har ya fara cewa, "To, ga ta nan dai." Bai rufe baki ba. Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Tsakiyarta ta durƙusa kamar raƙumi, baki biyu suka ɗaga sama, ruwa ya hau. Bencin Magini, da ya bari a kai ya shiga rumfa, ya bi ruwa yana juyawa.

Ƙarfe biyu da rabi. Lokacin da ake tashi daga makaranta. Lokacin da mata ke dawowa daga niƙa. Kuma da ruwan nan a kwazazzabo, yaran da suka guje ta wata bakwai ba su da wata hanya ranar sai ita.

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi, ba wanda ya yi ihu. Mun fi mutum ɗari a wurin, ba ka jin komai sai ruwa. Kowa na lissafin wanda da yana kai. Uwar Tsigi ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji, ta zauna a cikin taɓo. Mai ruwa ya cire hula ya riƙe. Magini na tsaye, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana kallon inda shatin hannunsa yake a da.

Mun gaji magana daga iyaye, cewa abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau bishiya ba zai gani ba. Gaskiya ce. Amma ba wanda ya faɗa mana abin da yaro ke gani in ya shiga ƙarƙashi, inda babba ya fi ƙarfin sunkuyawa.

Malama, ke ce kika sunkuya. Ke ce kika ga amsa tara iri ɗaya, kika koma kika tuhumi jan bironki. Na'urar nan ba ta san gada ba, ba ta san ruwa ba. Abin da yara suka kasa faɗa da baki suka danna mata da yatsa, kuma da a hannun wani take, da sifirin nan ya zauna, da mun yi jana'izar da unguwar nan ba za ta manta ba. Ke ce kika sha zagi kwana tara ba ki rama ba, ranar ta goma kuma ba ki ce wa kowa "ai na faɗa" ba. Mai gadi ya ce ranar ma kafin ya zare sarƙa kin iso, kin durƙusa, kin ɗauke rula daga kan tsumma, don taswira ba ta ƙarya.

Hukuma ta zo bayan ruwa ya ja. Aka yi sabuwar gada, wata biyar ana aiki. Magini bai ɗauki cokalin gini ba, amma kullum yana cikin ramin yana duba zurfin tushe, yana faɗa da injiniya. Dokar bulala ta mutu. Yanzu duk ƙarshen damina shi da kansa yake gangarawa da 'yan aji huɗu, ya nuna musu inda ake dubawa, ya ce, "Wanda ya ga abu ya yi shiru, shi zan daka." Sun san ba zai daka ba.

Ranar da Malama ta yi sallama da makaranta an cika ajin har taga. Tela ya zo, mai kwasar shara ya zo ya zauna ba a roƙe shi ba. Magini ya naɗe ƙafafu a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Ta miƙa wa sabuwar malama makullin kabad da buhun durƙuso. Rula ta koma kan tsumma. Tsigi, wadda yanzu tana aji shida, ta danna gaba sau biyu, Kunkuru ya haye.

Malama, mun gode. Ba mu da abin ba ki da ya kai. Allah ya hutar da gwiwar nan, ya sa ki ga jikokin waɗanda kika zagaya da su ta titi. Ku kuma malamai masu tasowa, ku fito da abin nan daga kwali, in ya lalace a hannun yara ya fi ya ruɓe a kabad. Mu iyaye, ba sai mun jira na'ura ba. Ka tambayi ɗanka ta ina yake bi, kuma ka ajiye bulalar kafin ka tambaya.

Da za a watse, Malama ta riƙo hannun Tsigi ta ce, "Sabuwar gadar taku nawa ce?"

Yarinyar ta yi tunani. Ta dubi uwarta a bakin taga.

"Ban sani ba, Malama. Ban ƙirga ba."

Aji duka na jiran kalma biyun nan, "Sake ƙirgawa." Malama ta shafa kanta, ta ɗauki laima, ta fita.